Idan gwamnati ta fara toshe bakin jama'a, me talaka zai yi?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so mu tattauna shi cikin natsuwa, ban da zagi don Allah.

A watan Maris na 2025 shugaban ƙasa ya ayyana dokar ta-ɓaci a jihar Ribas, ya dakatar da zaɓaɓɓen gwamna Fubara da mataimakiyarsa da 'yan majalisar jihar baki ɗaya har wata shida, ya ɗora tsohon hafsan sojan ruwa a kan kujerar. Sashe na 305 na tsarin mulki ya ce sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar tarayya sun amince. Aka yi da murya kawai, ba wanda ya ƙirga hannu. A Agusta gwamnan Neja ya ba da umarnin a rufe gidan rediyon Badeggi da ke Minna. Gwamnonin adawa kuma sai sulalewa suke yi zuwa jam'iyya mai mulki, na Delta ya tafi, na Akwa Ibom ya bi. Yaro zai yi rubutu a Facebook da safe, da daddare a zo a ɗauke shi da sunan dokar laifukan intanet. Dadiyata kuwa, mai sukar gwamnati a intanet, tun Agustan 2019 da aka ɗauke shi a ƙofar gidansa a Kaduna, har yau shiru.

Ba na ce mun koma zamanin Abacha ba. Amma hanyar da ake bi ta fara kama da wadda muka sani. Ni malamin firamare ne, ba ni da lauya, ba ni da ɗan uwa a majalisa. Irina me zai yi?

Auwalu Mai Waya:
Wa alaikumus salam. Yaya, amsar a fili take, babu abin da za mu iya. Mun fita zanga-zangar tsadar rayuwa a Agustan 2024, kwana goma aka sa, me aka samu? An harbe mutane, Amnesty ta ce aƙalla 24. An sa mana dokar hana fita a Kano. Fetur bai sauko ba, shinkafa ba ta sauko ba. Ni yanzu abin da nake roƙo Allah ya kawo mana soja kamar na Nijar, a share kowa a huta.

Maman Ummi:
Auwalu ka ji tsoron Allah. Ka san abin da kake roƙo kuwa?

Auwalu Mai Waya:
Anti na sani sarai. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ɗan Damagaram:
Ƙanena Auwalu, bari in ba ka labarin gida tunda mu ka kira. Ba zan ce maka mutane ba su yi murna ba a ƙarshen Yulin 2023. Sun yi, kuma suna da dalilinsu. An gaji da sojan Faransa, an gaji da 'yan siyasa, takunkumin CEDEAO, wato ECOWAS, da yanke mana wuta da Najeriya ta yi kuma suka ƙara haɗa kan mutane a bayan sojoji. Har gobe akwai masu goyon bayansu da zuciya ɗaya, cikinsu har da 'yan uwana na jini.

Amma ka duba abin da ya biyo baya. A Afrilun 2024 aka rushe majalisun gundumomi da na jahohi, magajin garin da ka zaɓa da hannunka aka sauke shi aka naɗa wani. A Maris na 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa duka, aka rantsar da Janar Tiani na shekara biyar, wa'adin ma an ce ana iya sake duba shi. An dakatar da RFI, an taɓa dakatar da BBC wata uku. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Moussa Tchangari. Mutumin nan ya yi shekaru yana sukar zaman sojan ƙetare a ƙasarmu tun lokacin da faɗin hakan ke da haɗari, gwamnatin Issoufou ta kama shi a 2015, ta sake ɗaure shi a 2018. A Disamban 2024 jami'an tsaro cikin farin kaya suka je har gida suka tafi da shi. Wanda ya faɗi abin da su sojojin suke faɗa tun kafin su zo, shi ma bai tsira ba.

Ku a can har yanzu kuna da kotun da za a kai ƙara, kuna da jaridar da za ta buga, kuna da 2027. Sun lalace, na yarda. Amma suna nan. Kada ku roƙi a ɗauke muku su.

Alhaji Na Sabon Gari:
Ni dai ina ganin ana zuzuta abin. Dokar ta-ɓacin Ribas ta ƙare a Satumba, gwamna ya koma ofishinsa. Sauya sheƙa kuma ba yau aka fara ba, lokacin PDP ma haka aka yi, har suna cewa shekara sittin za su yi. Ina kama-karyar take? Kuna zagin shugaban ƙasa safe da yamma a cikin wannan zauren, wa ya kama ku?

Baban Sadiq:
Alhaji, ranka ya daɗe, maganarka ta PDP gaskiya ce, kuma ita ce ma take ƙara tsorata ni. Ba matsalar jam'iyya ɗaya ba ce. Buhari ne ya rufe Twitter daga Yunin 2021 har Janairun 2022. Gwamnonin adawa ma suna kama masu sukarsu a jihohinsu, da hannun 'yan sanda da kotun majistare. Duk wanda ya hau ya tarar da sandar a jingine, sai ya ɗauka. Fubara ya koma, haka ne, amma yanzu kowane gwamna ya san ana iya ɗaga shi wata shida da jawabi ɗaya a talabijin. Ba sai an kama kowa ba, Alhaji. A kama mutum biyu a unguwa, sauran su kama bakinsu da kansu.

Barista:
Salamu alaikum. Na karanta duka. Auwalu, ƙanena, ka ce fitar Agusta ba ta haifar da komai ba, ina so in tsaya a kan yaran nan, domin a nan darasin yake.

An kama su a Agusta, yawanci daga Kano da Kaduna, aka kwashe su zuwa Abuja. Wata uku suna tsare. Wata uku! A tsawon lokacin nan wa ya san sunayensu in ban da iyayensu? Ranar 1 ga Nuwamban 2024 aka gurfanar da mutum 76 a babbar kotun tarayya, da yawansu ba su kai shekara 18 ba, ana tuhumarsu har da cin amanar ƙasa. Duk mun ga bidiyon: yara ƙashi da rai, riguna sun yi musu yawa, huɗu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka miƙo biskit suna wawaso. Aka sa belin kowannensu naira miliyan 10. Kafin dare bidiyon ya zagaye duniya. Lauyoyi suka yi magana, malamai suka yi, gwamnoni da sanatocin Arewa da suka yi gum wata uku suka farka. Ranar 4 ga wata shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su, ranar 5 aka kori ƙarar, aka kai su fadar gwamnati Kashim Shettima ya karɓe su.

Doka ba ta canza ba tsakanin 1 da 5 ga wata. Abin da ya canza shi ne an ga fuskokinsu. Da a ce tun makon farko kowace unguwa tana da takarda mai ɗauke da sunan yaron da aka kama, da shekarunsa, da ranar da aka kama shi, da inda aka gan shi na ƙarshe, aka kai wa ƙungiyar lauyoyi da gidajen rediyo, ban yi tsammanin za su yi wata uku ba. Zalunci irin wannan a kan wanda ba a san sunansa ba yake ƙiba. Don haka amsata ga Baban Sadiq ita ce, abu na farko da malamin firamare zai iya, ya zama mutumin da ke rubutawa.

Maman Ummi:
Barista wallahi ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A layinmu an tafi da yaron maƙwabciyata a waɗancan kwanakin, almajirin tela ne, burodi aka aike shi saye. Uwar ba ta taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba a rayuwarta. Ta zuba tuwo a kula, ta ɗaura mayafi, ta je ta tsaya a bakin ƙofa tun hantsi har la'asar, ba ta ma san sunan wanda za ta tambaya ba. Aka ce mata babu shi a nan. Ta dawo da tuwon ya huce. Washegari muka haɗu mu mata da mai unguwa da limamin masallacinmu muka koma tare, liman ya faɗi cikakken sunan yaron da na mahaifinsa, ya ce ba za mu tafi ba sai an duba littafi. Aka duba, yana ciki. Da magariba ya kwana a gida.

Amma an ce mana mace ba ta tsayawa beli, sai da muka nemo kawunsa. Gaskiya ne haka doka ta ce?

Barista:
Hajiya, ba gaskiya ba ne. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta faɗa ƙarara cewa ba za a hana mutum tsayawa beli don kawai mace ce ba. Tunda an zo nan bari in ƙara kaɗan, ku ajiye a waya.

Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 36, ta hana a kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema. Belin ofishin 'yan sanda kyauta ne. Taro ko zanga-zangar lumana kuma ba ta bukatar izinin 'yan sanda, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke haka tun 2007, kuma asalin shari'ar daga Kano ne, taron ANPP da aka tarwatsa da barkonon tsohuwa a Satumban 2003.

Na san wani zai ce doka a takarda take. Haka ne sau da yawa. Amma na sha gani da idona, jami'in da ke daka wa mutum ɗaya tsawa yana sauke murya idan mutum biyar suka shigo, ɗayansu riƙe da biro yana tambayar sunansa da lambarsa cikin ladabi.

Malam Na Tudun Wada:
Ni nasihata ita ce mu koma ga Allah. Shugabanni daga cikinmu suke fitowa. Mu gyara tsakaninmu da Ubangiji, mu yawaita istigfari da alƙunutu, mu guji fitina. Mun ga abin da fita titi ta jawo, an fasa shaguna, an kwashe kayan gwamnati, an rasa rayuka. Wa ya amfana?

Auwalu Mai Waya:
Malam da girmanka, irin wannan wa'azin ne ya sa matasa suka daina sauraronku. Kullum talaka ne zai yi haƙuri. Yaushe za a hau mumbari a ce wa gwamna ya ji tsoron Allah, da sunansa?

Baban Sadiq:
Auwalu a sassauta harshe, Malam babanmu ne.

Allah gafarta Malam, ba wanda ya ƙi addu'a, kuma fasa shagon ɗan uwa ɓarna ce, ba mai kare ta. Sai dai a wurinku muka ji hadisin da ya ce mafificin jihadi shi ne faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba. Ba mu ce ku jagoranci zanga-zanga ba. Abin da limamin su Maman Ummi ya yi, shi muke roƙo. Ya taka da ƙafarsa, ya ambaci sunan yaro. Idan aka ɗauke wani a unguwa, a faɗa bayan sallar isha'i cewa wane ɗan wane yana hannu, a yi masa addu'a da sunansa. Wannan ai ba fitina ba ce.

Malam Na Tudun Wada:
Wannan kam babu laifi a ciki, haƙƙin maƙwabtaka ne ma. Abin da nake tsoro shi ne a mai da masallaci dandalin jam'iyya.

Baba Tanko:
'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Mahaifina ɗan NEPU ne. Abin da Barista yake faɗa ba sabo ba ne, haka suka yi. A wancan zamanin alƙali da ɗan doka na En'e ne, ana ɗaure mutum don ya halarci lacca, ana yi masa bulala a bainar jama'a. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Abin da ya riƙe su shi ne idan an ɗaure mutum, 'yan uwansa na jam'iyya za su nome masa gona, su kai wa iyalinsa hatsi. Shi ya sa mutum yake iya buɗe baki, ya san 'ya'yansa ba za su kwana da yunwa ba. Yau fa? A kama yaro, abokansa su sa hotonsa kwana biyu a waya, shi ke nan, matarsa ta koma gidansu.

Sai kuma 2006, wannan da wayona sarai. Obasanjo yana da soja, yana da 'yan sanda, yana da EFCC, yana da yawancin gwamnoni, kuɗi kuma suna yawo. Me ya kashe tazarce? An nuna muhawarar majalisar dattawa kai tsaye a AIT. Kowane sanata ya san idan ya miƙe mutanen garinsu suna kallonsa, kuma gida zai koma. Ranar 16 ga Mayu, shugaban majalisar dattawa Ken Nnamani ya buga guduma, magana ta mutu. Ku kwatanta da ta Ribas da aka yi da murya. A cikinku wa ya san abin da ɗan majalisarsa ya ce ran nan? Wa ya kira shi ya tambaya? Lambarsa tana wurin 'yan unguwa, ana kiransa neman kuɗin suna da na asibiti. A kira shi a kan wannan ma.

Auwalu Mai Waya:
Baba Allah ya ƙara girma. Amma tazarcen shugaba Tandja na Nijar fa? Kotu ta ce a'a, ƙungiyoyin ƙwadago sun yi yajin aiki, ya rushe majalisa ya rushe kotun ya yi abinsa. Ba soja ne suka cire shi a Fabrairun 2010 ba? Ɗan Damagaram ya ƙaryata ni.

Ɗan Damagaram:
Ba zan ƙaryata ka ba, haka aka yi. Kotun tsarin mulki ƙarƙashin Madam Fatimata Bazeye ta ce ƙuri'ar raba gardamar ba ta halatta ba, ya rushe kotun a ƙarshen Yunin 2009, ya yi ƙuri'arsa ranar 4 ga Agusta, Salou Djibo ya kifar da shi ranar 18 ga Fabrairu. Amma ka tambayi kanka me ya sa Salou Djibo ya miƙa mulki a Afrilun 2011. Ya tarar da jam'iyyu a tsaye, ƙungiyoyin ƙwadago a tsaye, alƙalan da suka ƙi lanƙwasa suna nan, kowa ya zuba masa ido. Sojan da ya tarar da jama'a a watse kuma suna yi masa tafi, me zai sa ya sauka?

Ka duba Senegal kuma. Macky Sall ya ɗage zaɓe ranar 3 ga Fabrairun 2024, jandarmomi suka fitar da 'yan adawa daga zauren majalisa aka mai da zaɓen Disamba. Ƙungiyoyin farar hula da malaman makaranta da shugabannin addini suka haɗu a kan magana ɗaya tak, a yi zaɓe. An rasa rayuka a can ma, ban ɓoye ba. Ranar 15 ga wata kotun tsarin mulki ta soke ɗagewar, aka yi zaɓe ranar 24 ga Maris, Diomaye Faye da ya fito daga kurkuku kwana goma kafin nan ya ci a zagayen farko. Ba soja ko ɗaya da ya fito daga bariki. Alƙalan sun samu ƙarfin hali ne don sun san akwai jama'a a bayansu.

Alhaji Na Sabon Gari:
To ai kun dawo kan maganata. Ku jira 2027 ku kada ƙuri'a.

Maman Ummi:
Alhaji jira ba zai yi ba. Na taɓa zama wakiliyar jam'iyya a akwatinmu. Da safe layi har bakin titi, kowa da ƙarfinsa. Ana yin la'asar mutane suka fara zamewa, kafin a gama ƙirga duhu ya yi, da fitilar waya muke haska takardu, mu da muka rage ba mu fi a ƙirga da yatsu ba. Wakilin wata jam'iyyar tun safe bai ci komai ba, waɗanda suka turo shi ko ruwan leda ba su aiko masa ba. Wani ya ja shi gefe, ya dawo ya sa hannu ya tafi tun ba a cike takardar ba. A nan ake sayar da zaɓe, a kan yunwar mutum ɗaya da magariba. Da mun san "a kasa, a tsare, a raka", yanzu kasawa kawai muke yi mu tafi gida. Wanda zai tsaya, da wadda za ta dafa masa abinci, da mai babur ɗin da zai bi akwati zuwa wurin tattara sakamako, tun yanzu ake sanin su.

Barista:
Hajiya ta gama magana. Ku ɗauki hoton takardar sakamako ta EC8A bayan an sa hannu an manna, kowa da wayarsa. Ku tuna Adamawa a Afrilun 2023, kwamishinan zaɓe ya zauna ya sanar da wadda ta ci alhali ba a gama tattarawa ba. Don ana ɗauka a waya kuma mutane na riƙe da alƙaluma, hukumar zaɓe ta soke sanarwar a ranar.

Auwalu Mai Waya:
Ni har yanzu ban gamsu cewa biro da takarda za su tsayar da mai bindiga ba. Dadiyata kowa ya san sunansa, an rubuta, an yi ta kira, ina yake?

Barista:
Ba ni da amsar da za ta sanyaya maka rai a kan Dadiyata, ƙanena. Sanin suna bai dawo da shi ba. Ba kowa zai ceta ba. Abin da na sani shi ne yaran Nuwamba suna gidajen iyayensu yau.

Baban Sadiq:
To ni ga abin da zan fara a unguwarmu, wanda yake so ya yi a tasu. Zan samu mai unguwa da liman da shugabar matan layinmu da shugaban 'yan adaidaita. Littafi ɗaya, lambar lauya ɗaya da kowa zai haddace, da ɗan asusun da za a riƙa kai wa iyalin wanda aka tsare cefane, kamar yadda Baba ya faɗa. Ba ruwanmu da jam'iyyar mutum. Ko ɗan APC aka ɗauka ba bisa ƙa'ida ba, Alhaji, da kai za mu je.

Alhaji Na Sabon Gari:
In dai ba zagin shugabanni za a yi ba, ku sa sunana a asusun.

Maman Ummi:
Tambaya ɗaya Barista. Littafin nan in ya faɗa hannun da bai dace ba fa? Ba mun tara musu sunayen mutane a wuri ɗaya ba ke nan?

Barista:
Tambaya mai kyau, Hajiya. Sunan wanda aka riga aka kama kawai za a rubuta, su ai suna da shi. Ban da sunan wanda ya kawo labari, ban da na masu ba da kuɗi, ban da wanda ya je zanga-zanga ya dawo lafiya. A yi kwafi biyu, ɗaya wurin liman ko mai unguwa, ɗaya wurin lauya. Kada a sa hoton yaro ƙarami a intanet sai da yardar iyayensa. Kuma kada a turo komai daga littafin cikin wannan zauren, mun fi mutum ɗari a nan, ba duka muka san juna ba. Baban Sadiq ka kira ni bayan isha'i in ba ka lambar ofishin ƙungiyar lauyoyi na reshenku da ta hukumar ba da tallafin shari'a kyauta.